A Kan Maganar Cewa Bello Bai Taɓa Cin Ƙwallo Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ƙungiyar ci gaban yankinmu na Mafara, Bakura da Maradun.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina gaida Alhaji da iyali baki ɗaya. Ina gajiya, ina fama da jama'a? Allah shi ƙara lafiya da juriya. Mu nan Ruwan Gizo sai godiyar Allah. Shinkafa ta yi kyau bana, albasa ma ba laifi, yara da manya kowa lafiya lau.

Ni ne Garba, ƙanen marigayi Malam Umaru abokin karatunka, wanda ya bar aiki a madatsar ruwan Bakolori ya tafi Amurka ƙaro ilimin noman rani, zama ya kama shi can har Allah ya karɓi abinsa. Ɗansa Bello shi ne dalilin wagga takarda. Na rubuta ta a fili ne don abin da nake kuka a kai a fili aka yi shi, da lasifika, gaban jama'ar ƙananan hukumomi uku.

Alhaji zai tuna taron karrama 'ya'yan yanki da kuka yi bayan babbar Sallah. Kwamitinku ne ya aiko har gida cewa Bello na cikin waɗanda za a karrama, kuma tunda ba ya ƙasar, a zo da mahaifiyarmu Inna, kakarsa, ta karɓar masa. Tsohuwa ta sa aka ɗinka mata sabuwar atamfa, ta yi lalle, muka ɗauki mota zuwa Mafara. Taro ya yi kyau, wallahi ba zan rage muku ba. Na ji daɗin karrama likitan nan na Bakura, da ungozomar Faru wadda ta daɗe da cancanta. Da aka zo kan Bello sai Sakataren kwamiti ya miƙe ya sanar cewa kwamiti ya bincika, ya tarar duk shekarun da yaron ya yi yana wasa bai taɓa cin ƙwallo ko ɗaya ba, saboda haka an jingine nasa sai an ƙara bincike. Samari suka kwashe da dariya. Inna kunnenta ya yi nauyi, amma wannan kam ta ji shi sarai.

Ga abin da nake so in faɗa.

Na ɗaya. Sakatare bai yi ƙarya ba. Bello bai taɓa cin ƙwallo ba, kuma ba don haka aka ɗauke shi aiki ba. Wasan da yake yi ba irin wanda yaranmu ke kallo a gidan kallo ba ne. Ƙwallon Amurka ce, mai siffar ƙwai, da hannu ake ɗaukarta a ruga, 'yan wasa suna sanye da hular kwano da sulke a kafaɗa. Kowace ƙungiya tana da mutanen kai hari daban, masu tsaro daban. Bello cikin masu tsaro yake, a wurin da suke kira layinbaka, wato yana tsaye bayan sahun gaba yana karanta inda za a bi. Duk wanda ya ɗauko ƙwallo ya nufo gidansu, aikin Bello shi ne ya tare shi ya kai shi ƙasa. Abin da ake ƙirga masa ke nan, mutum nawa ya kayar. Akan samu mai tsaro ya ci jefi-jefi in ƙwallo ta faɗo hannunsa, shi Allah bai nufe shi da haka ba. Haba Alhaji! Wa ya taɓa tambayar mai gadin gona buhu nawa ya noma?

Na biyu. Yaron nan a hannuna ya tashi har ya kusa balaga, kafin ubansa ya aiko a kai masa shi. Ni kuwa, in Alhaji bai manta ba, a ƙuruciyata na ɗan taɓa kokawa, kuma daga nan har Maradun ba kowa ke son a haɗa shi da ni bayan kaka ba. A bayan gidanmu, kan rairayi, na koya wa Bello yadda ake sunkuyawa, yadda ake kallon ƙugun mutum ba idonsa ba, yadda ake kama cinya a ɗaga. Yana ƙarami ba shi da baki, amma in ya riƙe ka sai dai ka nemi ƙasa. Ranar da na fara ganin wasansa a waya, na ga ya sunkuya ya ɗauke wani ƙato ya shimfiɗar, sai da na yi kabbara a tsakiyar kasuwar albasa. Kamun nan nawa ne, ban yi musu da kowa ba.

Hanyar ba ta zo masa da sauƙi ba. Wasan ne ya biya masa karatun jami'a. Da ya gama, manyan ƙungiyoyi suka zo zaɓen matasa, aka zaɓi abokansa shi aka bar shi. Ya shiga wata ƙungiya a matsayin ɗan atisaye, wanda ake gwada ƙarfi a kansa ranar horo amma ba a fita da shi ranar wasa. Suka sallame shi. Ya koma wata, ita ma ta sallame shi. A lokacin ne ubansa ya rasu, na ce masa ya dawo gida ga gona ga ruwa, ya ba ni haƙuri ya ce in bar shi ya ƙara gwadawa. Ta ukun ce ta riƙe shi, kuma a can ya zauna har ya kai shi ne ke tsara masu tsaro a fili, shi ke faɗa wa kowa inda zai tsaya. Yaron da sai an yi da gaske ake jin muryarsa a gida! An yi masa aiki a kafaɗa, an yi masa a gwiwa, ya warke ya koma. Bana likitoci suka ce gwiwar ta gaji, shi ma ya yarda, ya ajiye wasan da mutuncinsa. Yana da mata da 'ya'ya, bai bar salla ba, Hausarsa ta ɗan karkace amma tana nan. Ni kam Allah ya gama mini komai a kan yaron nan, ba ni da abin cewa sai alhamdu lillahi.

Na uku, kuma shi ne ainihin kukana. Ba allon karramawa nake nema ba. Bello ko labarin taron bai sani ba, ban kuwa gaya masa ba. Inna ce damuwata. Tun da ya fara wasan nan, duk ranar da aka ce yana da karawa sai ta sa an toya masa an raba sadaka a unguwa, ta zauna kan buzunta tana roƙa masa nasara da tsari. Baƙo bai isa ya zo gidanmu ya tafi ba tare da ta ba shi labarin jikanta ba. Tun da muka dawo daga Mafara ta yi shiru da zancensa. Ta sa a ranta cewa shekara da shekaru yaron wahala kawai yake sha a ƙasar mutane ba ya samun komai, mu kuma muna ɓoye mata. Na zauna na yi mata bayani har bakina ya bushe. Ta ce ni baffansa ne, dole in kare shi, amma manyan gari masu ilimi ba za su tashi gaban jama'a su faɗi abin da ba su tabbatar ba. Kun ga girman da take ba ku. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai, don tsohuwa ce, kuma ba na so ta ƙarasa kwananta da wannan tunani.

Saboda haka roƙona biyu ne. Kwamiti ya nemi wanda ya san wasan, ko cikin ɗalibanmu da ke waje, ya yi masa bayani, sannan a gyara maganar da lasifikar da aka ɓata ta da ita. Ba na neman a ci wa Sakatare fuska, mutumin kirki ne, abin da ya sani ya auna da shi. Na biyun ya fi na farko nauyi a wurina. Ina roƙon Alhaji, don zumuncin da ke tsakaninka da marigayi, ka tako da ƙafarka zuwa Ruwan Gizo ka gaida Inna, ka gaya mata da bakinka cewa jikanta ya yi abin kirki. Daga bakinka za ta yarda.

Kuma don Allah a yi shi kafin azumi, domin Bello zai zo gida da iyalinsa. Inna ta riga ta ce in ya zo za ta tambaye shi da kanta ko gaskiya ne bai taɓa ci ba. Na san ɗan da na rena. Zai sunkuyar da kai ya ce mata gaskiya ne, ba kuwa zai ƙara ko kalma ɗaya a kai ba.

Allah shi ja zamanin Alhaji, shi ba ka ikon riƙe amanar jama'a, shi albarkaci zuri'arka, shi jiƙan magabatanmu da naku. Allah shi zaunar da yankinmu lafiya.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Garba, baffan Bello, Ruwan Gizo.