Na Canja Muryar Malam, Na Manta Zobensa

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Don Allah a sakaya sunana. Kuma kafin kowa ya wasa wuƙar yanka ni, ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san na yi ƙarya, ba sai an tuna mini ba, shawara na zo nema ba wa'azi ba.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye ta wajen Wurno, aji uku nake riƙewa. Bara aka tura mu bita a Birnin Kudu, aka koya mana amfani da fodkas, wato shirin murya da ake saukewa a waya a kunna wa yara a aji. Na dawo da zumuɗina, na sayi 'yar sifika, na sauke shirye-shirye. Ina! Na koyon karatun da na samu duk Turanci ne mai gudu, na Hausar kuma hirar siyasa da ƙwallo. Yaran da ba su gama rarrabe ba da ɓa ba, me za su tsinta a ciki? Suka yi ta kallon sifikar suna hamma, ni ma ina taya su.

Sai na tuna da wani dattijo, bari in kira shi Malam Buba. Shi ya koya mini karatu ina yarinya a Gwaram, daga baya aka mayar da shi wannan makarantar da nake yanzu, ya yi shekara da shekaru. Da aka zo tantance malamai aka ce takardarsa ta tsufa, aka sallame shi, kuma hedimastanmu na yanzu, wanda shi ma ɗalibinsa ne, shi ya miƙa sunansa. Ya koma Gwaram yana fama da 'yan shanunsa, ido ya yi rauni. Wata Asabar na hau bas na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gidansa, na ce, "Malam, aji na kawo maka a waya." Ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, ni da aka ce na ƙare?" Amma ina ajiye wayar ya gyara zama. Yana da wata al'ada tun muna yara: kafin kowace tambaya sai ya ƙwanƙwasa zoben azurfarsa sau uku a kan benci, ƙwas ƙwas ƙwas, ya ce, "Kunne kafin baki." Haka ya yi, hawaye ya kusa zubo mini. Daga ranar kowace Asabar nake zuwa in naɗi darasinsa a wayar.

To ga laifin nawa. Na san hedimasta ba zai taɓa yarda muryar Malam Buba ta shiga makarantar nan ba, don haka na sa wata manhaja ta ƙara wa muryar kauri, na yanke "kunne kafin baki", na ce shirin wani farfesa ne daga Kano. Da jin farfesa da Kano, hedimasta ya ce madalla. Ku gaya mini, da na ce tsohon da ke kiwo a Gwaram ne, zai ce madallar? Kullum da safe minti goma nake kunnawa, in tsayar, yara su amsa, in rubuta a allo, mu ci gaba. Kafin zango biyu yaran da ko sunansu ba sa iya haɗawa suka fara karanta rubutun jikin buhun taki. Hedimasta ya riƙa yawo yana cewa makarantarsa ta shiga zamani. Ban yi nadamar wannan ba, kuma ko yau aka mayar da ni baya sai na sake.

Wadda take cin raina ita ce ƙarya ta biyu. Kowace Asabar sai Malam ya tambaye ni, "Yaran sun san ni ne kuwa?" Ni kuma in ce, "Sun sani mana Malam, kullum sai sun tambaye ka." Ran nan har gaisuwa ya yi musu, ya faɗi sunansa, ya ce shi ma a ajin nan ya tsufa, su gaishe masa da iyayensu. A cikin bas, kafin mu iso Birnin Kudu, na yanke wurin na goge. An raba shi da alli, ni kuma na raba shi da sunansa. Wannan kam ina jin kunyarta har cikin ƙashina.

Talatar da ta wuce mai duba makarantu ya zo, hedimasta ya jawo shi ajina don a yi masa burga. Shi hedimastan bai taɓa zama ya saurara ba sai ranar. Na kunna. Ƙwas ƙwas ƙwas. Yara suka nutsu tsit, na ga hedimasta ya ɗago kai. Aka sake, ƙwas ƙwas ƙwas, sai murmushinsa ya ɗauke. Shi kuwa baƙo daɗi ya kama shi, ya ce in kawo masa adireshin shirin ranar Litinin a raba wa sauran makarantu, har da takardar godiya za a rubuta wa farfesa.

Baƙo na tafiya hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "Malama, shekara uku na yi ina jin ƙarar zoben nan a kan bencina. Kin canja murya, kin manta zobe." Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda ka gane shi, ka san kuma ya iya." Ya ce ba wannan ya tambaye ni ba. Zaɓi biyu ya ba ni: ko in ce an sauke shirin daga intanet, in daina kunnawa, magana ta mutu, ko in faɗi gaskiya, shi kuma ya rubuta cewa na yaudari hukuma na shigo da korarre aji. Ya san idan gaskiya ta fito za a tambayi wanda ya ce tsohon nan bai cancanta ba, shi ya sa yake so in binne ta.

Aikin nan da shi nake riƙe da kaina da mahaifiyata, ba zan yi muku cika baki ba, ina tsoro. Amma in binne Malam sau biyu? In kashe wa yara abin da ya buɗe musu ido don wani ya tsira da mutuncinsa? Wallahi zuciyata ta ƙi. Masu cewa ramin ƙarya ƙurarre ne, na ji, ai ga ni a ƙarshensa.

Jibi Asabar Malam yana jirana da sabon darasi. Wancan makon ya ce mini ya ba da babbar rigarsa wanki, wai in an zo hutu in kai shi ya ga yaran da suke tambayarsa. Litinin kuma baƙo yana jiran adireshin farfesa. Me zan yi?