Aikin da Ka Bari a Kurfi

Zuwa ga Malam, maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko da kana raye ma dariya kake yi wa rubutun da na koyo a ajin manya. Amma yau zama ya gagare ni. Na share tsakar gida, na sake sharewa, na wanke tukwanen da babu abin da ya taɓa su, sai na ɗauko alƙalami.

Gida lafiya. Na fita takaba. An yi girbi a Dabawa, ƙanenka ya aiko mana da gero. Ɗanmu na fari, Babba, matarsa ta haihu, an mayar da sunanka, ga ni da jika ba ni da bakin kiransa.

To ga abin da ya hana ni sakat. Alhajin Kurfi ya aiko, yana son Babba ya je gobe ya ƙarasa jan wayar lantarkin da ka bari a gidansa. Gidan nan dai, Malam. Rufin nan da aka sauko da kai daga cikinsa.

Na san ba da gangan ya yi ba. Baƙi suka zo masa daga Rawayau, ba su taɓa ganin fitilar da ba ta shan kananzir ba, shi kuwa ba ya iya barin baƙo ya tafi bai ga abin mamaki ba. Ya sa aka tayar da injin wuta, ya manta kana sama riƙe da waya. Ya zo ya yi kuka a zaurenmu, na ce na yafe. Kai ne har yanzu nake jin haushinka. Sau nawa na ji ka kana faɗin ƙa'idar aikin nan, cewa a cire hannun da ake juya inji da shi a hau da shi sama? Me ya hana ka ranar? Na sani, kunya ce. Ba za ka iya duban Alhaji ka ce ya ba ka hannun injinsa ba, kada ya ga kamar ba ka yarda da shi ba a cikin gidansa.

Yanzu doka ta zo, ba mai jan waya a gidan mutane sai da lasin. Babba ya je Katsina, an gwada shi, ya ci. Har ya shiga wani abu wai shi inshora, in gida ya ƙone a gyara wa mai shi, in ma'aikaci ya rasu a ba magada wani abu. Ya durƙusa yana ta yi mini bayani don hankalina ya kwanta. Na tambaye shi ko inshorar za ta tsaya ta riƙe hannun Alhaji in baƙi sun zo. Ya sunkuyar da kai. Kai ne sak, Malam, gaban manya muryarsa ba ta fita.

In na hana shi, ba zai je ba. Amma gidaje nawa ne masu inji tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi? Gobe za a ce ɗan Malam ya tsorata, ba mai sake kiransa, ga iyali. In na bar shi kuma, da wace zuciyar zan wuni?

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Kullum tsiya nake maka, mai haskaka gidajen mutane, nasa gidan sai aci-balbal. Amma ranar da ka kunna fitila a ɗakin shan magani, ina cikin mata ana ta salati, ji na yi ba macen da ta kai ni miji. Na dawo gida na ce maka miya ta huce. Ina sonka, ban iya faɗa ba ne kawai.

Na yanke shawara. Gobe tare za mu shiga motar Kurfi. Zan shimfiɗa tabarmata a ƙofar ɗakin injin, in zauna da carbina, ba zan tashi ba sai ɗana ya sauko da ƙafafunsa. Su ce tsohuwa ta zubar da girma, su ce ban san kunya ba. Ko hakimi ne ya zo ganin fitila, sai dai ya tsallake ni.

Allah Ya kai haske kabarinka, Ya sada mu da alheri. Sai na zo.

Taka har gobe,
uwar 'ya'yanka, Hajara