Jiri a Hawa na Talatin

Dubai, ranar Juma'a

Yaya Golnar,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Mama? Ya yara? Ni lafiya lau nake, kada ki damu.

Sai dai ɗan jirin nan bai tafi ba. Mama ta ce sanyi ne ya yi mini yawa, tunda na haɗa kifi da kindirmo. Wata biyu ina shan shayi da nabat, sukarin nan mai kama da ƙanƙara, ina cin dabino, kamar yadda ta ce.

Shekaranjiya na je asibiti. Likita ta duba kunnena, ta rubuta kalma ɗaya da Turanci, ta ce abin da na rasa ke nan. Na sa a waya, ta jero mini fassara tara da Farisanci, har da sikeli da natsuwa. Na tambayi Bahman, abokin aikina da muke lilo a igiya muna wanke gilashin benaye, "Wacce na rasa a ciki?" Ya ce, "Wadda ke tsai da mutum a kan igiya." Ba wanda ya yi dariya.

Likitar ta ce da na zo da wuri, da an shawo kan abin. Don Allah kada Mama ta ji wannan. Abin da ta sani ta ba ni.

Shugabanmu bai sani ba, in ya ji zai sallame ni. Gobe gilashin hawa na talatin za mu wanke. Na koyi dabara, ba na kallon ƙasa.

In Mama ta tambaya, ki ce shayin ya yi aiki. Allah ya ƙara mata lafiya.

Ƙaninki,
Siyawash