Sarautata Tana Cikin Matar Yaya

Litinin, 2 ga Maris, 1931
An binne Yaya Aubrey, Lord Hethersby. Bai bar ɗa ba, sarauta da gida sun faɗo kaina ke nan. Na yi kuka daidai gwargwado. Da muka dawo na gwada sa hannu irin na masu sarauta, suna ɗaya tal: Hethersby. Ba yabon kai ba, ya zauna.

Alhamis, 5 ga Maris
Ashe da sauran rina a kaba! Rosalind, matar marigayi, ciki gare ta. Lauya ya ce sarauta za ta zauna babu mai ita sai an haihu. In namiji ne, tasa ce. In mace ce, tawa, uwa da 'ya kuma su bar gidan. Shi dai Yaya bai taɓa yin abu a kan lokaci ba.

Asabar, 9 ga Mayu
Pilling, babban baran gidan, ya rasa sunan da zai kira ni, sai ya koma yi mini tari. Cikin Rosalind kuwa har rusuna masa yake, wai "don ko da". Tsohon munafuki.

Talata, 14 ga Yuli
Rosalind ta kama ni ina auna labulen falo. Ta shafa ciki: "Cuthbert, ka nemi izinin mai gidan tukuna?" Na ce ƙura nake dubawa. Ta yi dariya har da hawaye, can kuma ta ce ita fa ba ta da wurin zuwa. Na kalli taga.

Juma'a, 14 ga Agusta
Kuku ta ce cikin ya yi tsini, namiji ne. Ban ci abincin rana ba.

Lahadi, 20 ga Satumba
Mace!
Pilling ya shigo, babu tari. "Ranka ya daɗe, Lord Hethersby." Sai na waiwaya ina neman Yaya. Yau na san ya mutu. Kukan yau ba na gwargwado ba ne.

Laraba, 7 ga Oktoba
Lauya ya zo zancen ranar tashinsu. Na ce a rubuta babu inda za su. Ba tausayi ba ne, wa zai ba su haya da wannan ihun? Kunnuwan Yaya jaririyar ta kwaso, baiwar Allah, kamar faifai. Na sa hannu, sunan ya fito a karkace. Ta ƙi sakin yatsana.