An Hana Inna Jibi Don Ta Ce Allah

Kawu Bulus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya ƙafar taka? Yaya Gwaggo Rifkatu da yara da mutanen Wusasa?

Kawu, raina a ɓace yake. Ranar Lahadi a cocinmu na unguwar Coal Camp, nan kudu, aka ba Inna addu'a, ta yi da Hausa. Da aka tashi, wani dattijon ikilisiya da ba ya jin Hausa ya tare ta, wai ta kira Allah, sunan Musulmi, kuma zunubi ne. Ya hana ta cin Jibin Ubangiji, gurasa da ruwan inabin tarayya, sai ta tuba a gaban jama'a.

Na same shi cikin ladabi. Na ce da wannan suna aka yi wa kakanninmu baftisma, Kiristocin Larabawa ma da shi suke addu'a. Ya ce digiri ke ruɗa ni. Mutumin da kalma ɗaya tak ya tsinta cikin addu'ar, shi ke yanke hukunci!

Ka daure ka kira fastonmu kafin Lahadi, kuma ku sa mu a addu'a. A gaida kowa. Inna ta ce in tambaye ka: in ta tashi tuban, wa za ta roƙa gafara in ba Allah ba?

Taka,
Ladi