Zazzaɓin Rabi

Zuwa ga 'yata Hadiza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya sanyin Turai? Mu nan Suleja sai godiya.

Saƙonki ya iso. Kin ce kin shekara da shekaru kina binciken yara irin jikana Sani, masu gudun haɗa ido, marasa magana, kina zargin garkuwar jikin uwa ke taɓa ɗa tun yana ciki. Wai in tuna ko uwarsa, 'yata Rabi, ta yi zazzaɓi da cikinsa.

Shekarar da gwamnati ta taso daga Ikko zuwa Abuja ce, ba abin da ya ɓace mini. Amma wa zai karanta amsar? Dangin mijinta sun daɗe suna neman wanda za su ɗora wa laifi. In suka ji likita irinki ta ce daga jikinta ne, korar ta za su yi.

Ki gaishe da kowa, a sa mu a addu'a. Gobe da sassafe zan hau mota zuwa Madalla in tambayi Rabi ko ta yarda in faɗa miki. In ta ce a'a, to na manta.

Baffanki,
Audu