Duwatsun da Na Kai Gida

Ni Maroje ɗan Vlahuša, mai karɓar harajin ganuwa a ƙofar tudu shekara ashirin da shida, na rubuta wannan da hankalina garau, ƙafafuna ne kawai suka ƙi ni. 'Ya'yana Junije da Pasko da Slavuša, ku zauna wuri ɗaya ku karanta.

Na ɗaya. Gonar zaitun ta Junije ce. Jirgin kamun kifi na Pasko ne, dama bai taɓa tambayata kafin ya ɗauka ba. Slavuša ta riƙe gonar inabi da akwatin mahaifiyarku.

Na biyu. Benen da ku maza biyu kuka daina gaisawa a kansa, ba na kowa ba ne a cikinku. Ku rushe shi.

Kun san dokar garinmu: duk mai shigowa da jaki ko amalanke sai ya ajiye dutse a ƙofa saboda ganuwa, ni kuma nake dubawa. Shekarar da aka gyara bangon arewa, na riƙa ware masu ƙwari ina kaiwa gida, da su na gina benen, magina kuwa na tura musu na bakin rafi, irin wanda ruwa ke ci. Aka shafe da farar ƙasa, ba wanda ya gane sai mahaifiyarku Tomuša. Har ta rasu ba ta taɓa kwana a benen ba. "Kai dai hau, maigida," in ji ta, "ni ba na barci a kan bangon mutane." Dariya na yi mata.

Na uku. Ku je majalisar gari ku faɗi abin da na yi, da sunana. Kada a ɗora wa magina, abin da na ba su shi suka jera.

Na huɗu. A mayar da duwatsun a sake gina bangon, a gama kafin ƙanƙara ta narke a tsaunuka, don lokacin ne mahara ke saukowa. Wurin da aka jera na bakin rafin yana tsakanin hasumiyar majema da rijiya, taku arba'in. Slavuša, kin san shi. Bayan ɗakin da yaranki ke kwana ne. Ranar da aka kai ki gidan ina tsaye, na ga bangon, na yi shiru. Ina jin kunyarki, 'yata, ina kuma jin tsoro.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare jikokina, kada ya raba kanku. Manyan duwatsun suna ƙasan benen, kuma na san nauyinsu, mutum ɗaya ba ya ɗaga su. Junije, kama gaba. Pasko, kama baya.